Masallacin da Ke Cikin Masallaci

Na ji abin da Nazifi ya ce ɗazu, duk da ya yi ƙasa da murya. Wai gini ne ake koyo, rushewa kuwa ko mahaukaci aka miƙa wa diga zai iya. Ba laifi. Ku gyara zama, ku janye ƙafafunku daga kan azarar nan, ta sayarwa ce.

Da farko dai, ni ba rushewa nake yi ba, kwancewa nake. Ruwan sama ne ke rushewa, sai katafila. Ni idan na gama da soro za ka ga azararsa jingine gefe guda, an ware mai kyau da wadda gara ta taɓa. Ƙyaurensa yana gefe. Ƙasarsa an tara ta inda za a iya kwasa. Katangar maƙwabci ko tsagewa ba ta yi ba, kuma duk wanda ya shiga da ƙafarsa ya fito da ƙafarsa. Sau ɗaya ne wannan na ƙarshen bai samu ba, zan zo kansa.

Kayan aikin ba su da yawa. Dagi biyu, dogo da gajere. Gizago na sassaƙe laka daga jikin azara. Igiya mai kauri, tsani, shebur, kwanon sarki. Diga tana nan, amma ba a taɓa ta sai rufi ya sauka ƙasa. Sai wannan sandar ta kanya da kuke zaton ta tsufa ce. Da ita nake ƙwanƙwasa bango in saurara. Bango mai lafiya a dunƙule yake amsawa, kamar ka bugi buhun gero. Wanda ruwa ya ci cikinsa kuwa ƙara yake yi kamar ganga. Akwai na uku, wanda ba ya amsawa sam. Wannan idan ka ji shi ka fita waje ka yi sauran tunaninka a can.

Ni magini aka kai ni in zama. Ina da kamar shekara goma sha huɗu mahaifina ya kai ni wurin Malam Gambo, magini a nan Ƙofar Kwaya, wanda shi gadon abin ya yi. Shekara biyu ina kwaɓa ƙasa da ƙafa, ina murza tubali, ina jefa wa na sama. Ku da kuka buɗe ido kuka ga bulo, tubali dunƙulen ƙasa ne mai gindi da tsini, da hannu ake yin sa a shanya a rana. Kafin hannuna ya faɗa sosai, bulo da kwano sun ci gari. Kiran da ake yi wa Malam Gambo ya juya. Maimakon a ce ya zo ya ɗaura soro, sai a ce ya zo ya sauke wanda ubansa ya ɗaura. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da kawai ya ce shi ne gara dai a kira wanda ya san yadda aka ɗaure abin.

Darasina na farko a ɗakin awakinsa na ɗauke shi. Ya sa na yi wa ɗakin rufi irin na ɗaurin guga, ƙarami. Yadda ake yi, azara ba ta da tsawon da za ta haye ɗaki mai faɗi, don haka magini sai ya riƙa fito da gajeru daga cikin bango, wata kan wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, yana ɗaurewa da igiya yana lulluɓewa da laka, har abin ya lanƙwaso ya haɗu da ɗan'uwansa da ya taso daga ɗaya bangon. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙafa ake ce masa. A kan ƙafafun nan ake jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa. Nauyin da ke sama shi ke riƙe da na ƙasa.

Da ya bushe sai Malam Gambo ya ce, "To kwance."

Na shiga da dagi na fara da inda hannuna ya fi kaiwa. Rufin ya sauko mini a kafaɗa. Malam Gambo yana zaune a inuwa yana cin goro.

"Ka ji ciwo?"

"A'a, Baba."

"To sake ɗaurawa."

Sau uku na ɗaura rufin nan, awaki suna kwana a waje. A na ukun ne ya ce, "Kai ka ɗaura shi da hannunka. Mi ka sa ƙarshe?" Na nuna masa. Ya ce, "Shi za ka fara cirewa. Sannan wanda ke bi masa. Ka yi ta komawa baya har ka iso inda magini ya yi bisimilla." Duk sana'ar ke nan. Wahalarta ɗaya ce, mai ginin ya mutu tun kafin a haifi kakanka, ba zai taso ya nuna maka abin da ya sa ƙarshe ba.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai magada, waɗanda uba ya mutu ya bar musu zaure ɗaya su bakwai, sai an sauke shi kafin a ja igiya a raba filin. Waɗannan kowa yana zuwa da kujerarsa ya zauna kallo, don kada wani ya fi shi ganin abin da zai fito. Akwai wanda ya samu buɗi yana son bene. Shi ba ya zuwa, direba yake aikowa ya tambaya ko an gama. Akwai kuma masu zaton kakansu ya binne tulun azurfa a bango. Wani a Batagarawa ya bi ni kwana shida, duk inda na sa dagi kansa yana wurin. Abin da muka samu tsohon faifai ne da gidan ɓera. Ya karɓi faifan ya tafi da shi.

Abin da nake samu a bango ba na sayarwa ba ne. Shatin yatsun mai murza tubali, biyar ɗin nan cif, wani lokaci har ka gane bahago ne. Ƙwallon dabino da wani ya ci ya tofar a cikin kwaɓi. Alkuki da aka toshe, har yanzu da baƙin fitila a samansa. Ina dubawa, in fasa, in zuba a kwanon sarki.

Shekarar da ba na mantawa ita ce ta babban ruwan nan, kuna ƙanana. Kwana uku ana yi ba a ɗauke ba, aka ɗauke yini ɗaya, aka dawo. Gidajen ƙasa suka yi ta zama. Duk wanda soronsa ya fara ɗiga sai ya aiko a sauke masa kafin ya sauka da kansa. A ƙa'ida ba a kwance jiƙaƙƙen rufi. Ƙasar ta ninka nauyinta, igiyar ciki ta yi laushi. Na san wannan, Isiya ma ya sani. Isiyan da kuke gani can a kan benci yana kaɗa ƙuda, abokin aikina ne tun gidan Malam Gambo, kuma a lokacin ya fi ni hawan tsani.

Wani tela ne ya zo da safe, rigarsa sharkaf. Ya ce shigifarsa ta tsage, kekensa da kayan mutane suna ɗakin da ke bayanta, ba hanyar fito da su sai ta ciki. Iyalinsa suna raɓe a gidan maƙwabta.

Na ce, "Malam, a bari ya sha iska ko kwana biyu."

Ya ce, "Kwana biyun nan ba zai kai ba, Malam Lawal. Don Allah."

Muka je. Na ƙwanƙwasa, ban ji abin da nake so ba. Rufin an rufe shi da silin ta ciki, ba a ganin ƙafafun. Da na bi ƙa'ida sai in ɓalle silin ɗin in kwanta in duba. Na ce a raina ai irin wannan ɗaurin na kwance ya fi a ƙirga. Na hau sama na fara kwashe ƙasa, Isiya yana ciki yana jiran in miƙo masa azara. Ashe wani ya taɓa gyara rufin, ya cire ƙafa ɗaya da gara ta ci, ya tokare wurin da katako, ya rufe da silin. Abin da na ɗauka shi ne na ƙarshe, shi ke riƙe da komai.

Ni na zo ƙasa a kan ƙasa, ban samu komai ba sai targaɗe. Isiya kuwa ƙasar ce ta zo a kansa. Da hannu muka tono shi, mu da telan da mutanen lungu. Ƙugu ne da cinya. Aka yi asibiti, aka yi mai ɗori, aka koma asibiti. Ƙafar ta warke amma ta gaza 'yar'uwarta tsawo. Keken telan bai yi ko ƙwarzane ba.

Sauran shekarar ba wanda ya kira mu, don abin da za a kwance ya riga ya kwanta. Azarar da aka tsinta duk a karye. Na yi wata biyar ina ɗaukar bulo a wani gini a GRA, da yamma in biya gidan Isiya da abin da ya samu. Da ya fara takawa muka kafa wannan rumfar, shi yana sayar da azara, ni ina kawowa. Tun daga nan ban sake sa mutum a ƙarƙashin rufin da ban gane ba. Duk garin nan an san ni da haka. Wasu suna cewa taurin kai ne, amma idan rufin nasu ne ni suke kira.

Aikin da nake so in ba ku labari na wani masallaci ne a cikin birni. Ba zan faɗi unguwar ba. Idan ka tsaya a ƙofarsa kana hango kan hasumiyar Gobarau. Wanda ya aiko kirana Alhaji Mamman ne, ɗan kasuwar hatsi, a lungun aka haife shi. Na same shi a dakalin masallacin da hantsi.

"Alhaji, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Lawal. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya iyali, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Ya mai ƙafa?"

"Da sauƙi, yana gaishe ka."

"Madalla. To ga abin da ya sa na kira ka."

Masallacin ya yi wa unguwa kaɗan. Sahu yana fita har cikin lungu, lungun kuwa idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Kwanaki kafin nan wani ɗan acaba ya shigo da gudu ana cikin sujada, ya bi ta kan hannun wani dattijo, yatsu biyu suka tafi. Alhaji ya ce shi ba zai sake ganin wannan ba. Zai sauke masallacin ya yi na bulo hawa biyu, mata a sama. Injiniya ya riga ya yi zane. Ban ga abin musu a maganarsa ba, har yau ma ban gani ba.

Daga waje ginin kamar guda ne, an shafe shi da siminti an yi masa koren fenti. Daga ciki kuwa ɗaki uku ne, ana bi ta ƙofofi masu kauri daga wannan zuwa wancan. Na zagaya da sandata. Murya uku na ji. Na tambaya wa ya fi kowa daɗewa a wurin, aka nuna mini ladan, Malam Haruna, tsoho tukuf, idonsa ya kusa tafiya duka.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, masallacin nan ba rana ɗaya aka gina shi ba."

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Shi masallacin."

Ya ce, "Ƙarin yamma da idona na ga an yi shi. Na kudu, kakana ya ce a ƙuruciyarsa aka yi. Na gaban, inda liman yake tsayawa, ba wanda ya ce mini ya ga ginin sa."

To, ƙa'ida ba ta canza ba don masallaci ne. Aka mayar da salla wani fili a bayan unguwa, muka fara da na yamma. Rabin bulo ne da rufin kwano, kwana biyu muka gama. Na kudu ɗaurin guga ne na kowa da kowa, ƙafa huɗu, aiki mai tsabta. Mako guda ya ɗauke mu. Azararsa baƙa wulik, gara ta gwada ta haƙura.

Da muka zo bangon da ya raba na kudu da na gaba, na ga kaurinsa ya yi yawa. Na sa gajeren dagi a hankali. Ya shiga kamar kamu ɗaya, sai ya tsaya a kan wani abu mai santsi. Na ajiye dagi na ɗauki gizago. Ashe masu ƙarin ba su huda tsohon bangon don ɗora rufinsu ba. Sabon bango suka tayar a jikinsa, suka bar nasa yadda yake. Ta yamma ma haka aka yi. Bango ne a jikin bango.

Kwana uku muna ɓare shi kamar ɓawon rogo. Na hana kowa taɓa diga. Abin da ya fito fuska ce ta makuba, wato shafen da ake yi da ruwan ɓawon ɗorawa, ja mai duhu, har yanzu tana ƙyalli. An yi mata zane da yatsa tun tana ɗanya, zagaye a cikin zagaye, daga ƙasa har sama. Ga indararo na yumɓu a toshe da ƙasa amma bai fashe ba. A kusurwar kudu kuma ga matakala ta ƙasa, taki tara, ta hau har rufi. Ranar da muka kwashe kwanon sarki na ƙarshe, sai ga wani ɗan masallaci tsaye a tsakiyar fili, cikakke, wanda ba wani mai rai da ya taɓa ganinsa haka shi kaɗai. Mutum ashirin ba za su shiga ba sai an matsu.

Aka jawo hannun Malam Haruna. Ya shafa bangon da tafinsa, ya bi zanen da yatsa. Da ƙafarsa ta ci karo da matakalar sai ya tsaya.

"Wannan mi ne?"

Na ce, "Matakala ce, Baba."

"Ashe gaskiya ne. Kakana ya ce a sama ake kira a dā. Na ɗauka ruɗin tsufa ne."

Lokacin azahar ya yi. Ya ce sai ya hau. Na ƙwanƙwasa takin ɗaya bayan ɗaya, duk suka amsa da kyau, na riƙe shi muka hau. Ya toshe kunne ya yi kiran salla ba lasifika. Akwai injin niƙa a bakin lungun. Ban jin kiran ya wuce gida uku. Ya sauko ya ce ya ji daɗin iskar wurin.

Kafin la'asar lungun ya cika. Mata suna leƙe ta ƙofofi. Ɗalibai suka zo da wayoyi suna ɗauka. Wani malamin makaranta ya faɗi shekarun ginin, wani ya zo ya ƙara a kan nasa, suka yi ta gardama. Ɗaya ya juyo ya ce, "Baba, kai da ka taɓa shi, shekararsa nawa?" Na ce ya girme ni.

Washegari muka ɓalle silin ɗin da aka yi wa ɗakin tun da daɗewa saboda jemagu. Jemagun suna nan, suka fita ta kanmu. Na sa aka share, na shimfiɗa buhu a tsakiya na kwanta rigingine.

Ƙafa takwas ce. Wannan ba abin mamaki ba ne. Amma a duk ɗaurin da na sani, ƙafafu biyu-biyu suke haɗuwa, wannan ta taso daga gabas waccan daga yamma, kuma akwai waɗanda aka fara ɗaurawa da waɗanda aka ɗora a kansu. Wannan ba haka ba. Kowace ƙafa ta kwantar da kanta a kan ta gabanta, ita kuma ta bayanta ta kwanta a kanta, haka har aka zagayo. Na ɗauki ɗaya na ce ita ce ta ƙarshe, na bi da ido, sai na ga wata a kanta. Na ɗauki waccan, ita ma haka. Tun hantsi har aka kira la'asar ina kwance. Mutanena suna waje suna cin gyaɗa.

Alhaji Mamman ya shigo da Injiniya, ya same ni a haka.

"Malam Lawal, lahiya? Ko zazzaɓi ne?"

Na tashi zaune. "Lahiya lau, Alhaji. Dubawa nake."

"To yaushe za a sauke?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Ban ga wanda aka sa ƙarshe ba. Duk wadda na zare, sauran bakwai za su biyo ta lokaci guda. Ba zan sa mutum a ƙasa ba, ba zan sa a sama ba."

Injiniya ya buɗe takardarsa ya nuna mini. Daidai inda nake zaune ginshiƙin tsakiya zai tsaya. Yaro ne mai ladabi, ya ce, "Baba, ba za a iya ɗaure igiya a ja daga waje ba?"

Na ce, "Za a iya. Bangon gabas jingine yake da ɗakin kwanan mutane. Ka tambaye su."

Alhaji ya ce, "Ni fa ba duba marar lahiya na kira ka ba. Saukewa na ce ka yi."

"Haka ne, Alhaji. Na sauke biyu. Wannan ban iya ba."

Ya ce zai kawo katafila. Aka kawo mai katafilar ya ga wuri. Ya tsaya a bakin lungu, ya miƙa hannuwansa biyu ya taɓa bangon hagu da na dama, ya koma ya hau mashin ɗinsa. Aka kira wasu masu irin aikinmu daga bayan gari. Suka shiga suka ɗaga kai, suka fito suka tambaya wa ya fara aikin. Da aka ce Lawal ne kuma ya ƙi, sai suka ce suna da wani aikin a Batagarawa. Wasu samari irinku suka ce su a ba su diga kawai, kafin azahar an gama. Alhaji ya daɗe yana kallonsu. Ya ce shi yatsu biyu ne suka sa ya fara wannan aiki, ba zai ƙare shi da gawa ba.

Mako biyu ana kai da kawo. A ƙarshe Injiniya ya sake zane. Sabon masallacin ya tashi ta yamma da kudu, ya lanƙwasa ya bar tsohon a kusurwarsa. Sahu biyu aka rasa a ƙasa, kuma ranar da aka cika har yanzu mutum biyar ko shida suna fita lungu, sai dai yanzu ana gitta benci. Alhaji ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da hannu. Mutanen unguwa suka ce tunda ɗakin zai zauna sai a gyara shi. Ba wanda ya rage da ya san makuba sai ni. Na buɗe indararon, na toshe inda jemagu suke shiga, na yi wa rufin sabon yaɓe. Shi ne aikin gini na farko da aka kira ni tun rasuwar Malam Gambo. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ina zuwa in duba shi. Malam Haruna ya yi damina biyu yana zama a ciki, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Bazarar da ta wuce na je duban da na saba. Zafi ya kai inda ya kai, ba wuta, sabon masallacin da tayil ɗinsa da fankokinsa a tsaye ya zama kamar tanda. Na leƙa tsohon ɗakin. Alhaji Mamman ne a ciki shi kaɗai, ya miƙe ƙafa a kan tabarma, carbi a hannu, hularsa a gefe. Ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi wahala. Na yi sallama zan juya.

"Shigo, Malam Lawal."

Da baki ya faɗa. Na shiga na zauna. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mai ƙafa. Wurin da sanyi kamar bakin randa. Ya ɗaga kai yana kallon ƙafafun nan takwas.

"Akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ka. Tsakaninka da Allah, kuma ga inda muke zaune. Da gaske ba ka san yadda ake kwance shi ba?"

Na ce, "Ranar da ka tambaye ni, ban sani ba."

"Daga baya fa?"

"Kwana uku bayan nan na gani. Akwai wata 'yar gajeriyar azara da aka cusa ta sama, lakar wurin ta ɗan fi sauran haske. Idan aka zare ta, sauran za su saki ɗaya bayan ɗaya. Aikin yini biyu ne."

"Kuma ba ka faɗa ba."

"Ba a sake tambayata ba, Alhaji."

Ya ja carbinsa ƙwaya uku ko huɗu. Na ɗaga sandata zan nuna masa wurin. Ya kama bakin sandar ya sauke ta ƙasa.

"Bar shi. Kada ka nuna mini. Kada kuma ka nuna wa kowa."